Idan Lebura Ya Faɗo, Alhakin Wa Ne?

Duk garin da muka shiga yanzu sai mu ga gini yana tashi, gidaje da makarantu da kantuna da majami'u. In an gama akan yi bikin buɗewa, a ambaci sunan mai gida da na waɗanda suka ba da kuɗi. Amma da wuya a ambaci yaron da ya faɗo daga tsani da kwanon sarki a kansa, ko birkilan da bango ya danne. In labarin irinsu ya iso mu, maganarmu ɗaya ce: tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Sai a yi wa iyalinsa gaisuwa, kashegari a ɗauki wani a gurbinsa.

A wannan wata muna so mu auna maganar nan tare da masu karatu, gama da yawa a cikinmu magina ne ko leburori, waɗansu 'yan kwangila ne, waɗansu kuma suna cikin kwamitin ginin majami'arsu. Tambayar ita ce: in mutum ya mutu ko ya naƙasa wajen gina mana ɗaki, alhakinsa yana wuyan wa?

Abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2005 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kimanta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa a wuraren gini kowace shekara, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane minti goma. Hanyoyin mutuwar kuwa ba su da yawa, an kuma san su sarai. Mutum yakan faɗo daga bisa, ko wani abu ya faɗo masa a ka, ko rami ya rufta da shi, ko wutar lantarki ta kama shi, ko mota ko inji ya take shi. Abin da yake kashe mutane ta hanya ɗaya shekara da shekaru, a ƙasashe dabam dabam, ya isa mu tsaya mu bincika shi kafin mu kira shi tsautsayi.

Gadar da aka shimfiɗa wa raga

Bari mu ɗauki misali daga wani aiki sananne a Amurka. A shekarar 1933 aka soma gina babbar gada da ake kira Golden Gate a bakin birnin San Faransisko, aka buɗe ta a watan Mayu 1937. Hasumiyoyinta biyu suna da tsawon ƙafa 746, hanyar motocin kuma tana bisa ruwa da ƙafa 220 ko kusa da haka. Wurin akwai iska mai ƙarfi, da hazo da yakan jiƙa ƙarfe ya sa santsi. A zamanin nan masu gina gada suna da wani lissafi da suka saba da shi: kowace dala miliyan ɗaya da za a kashe, mutum ɗaya zai mutu. Kuɗin gadar ya kai dala miliyan 35, don haka bisa ga lissafinsu mutum 35 ke nan. Ba wanda zai ga laifin kowa in haka ta faru. Lokacin kuma na rashin aiki ne ƙwarai, kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu a Amurka yana zaune ba abin yi. In ɗaya ya faɗo, masu jiran gurbinsa suna nan tuli.

Babban injiniyan aikin, Joseph Strauss, bai yarda da wannan lissafi ba. Ya tilasta wa kowa sa hular kwano, abin da ba a saba da shi ba a lokacin. Ya sa masu aiki a bisa su ɗaura igiya a ƙugu. Wanda aka kama yana wasa da rai don nuna bajinta, nan take za a sallame shi. Sa'ad da aka zo shimfiɗa hanyar motoci a shekarar 1936, ya sa aka ɗaura babbar raga a ƙarƙashin gadar tun daga wannan gaɓa har waccan, ta kuma zarce gefen gadar dama da hagun. Ragar ta ci wajen dala 130,000. Mutum 19 suka faɗa cikinta suka tsira da ransu. Ɗaya daga cikinsu, Al Zampa, ya faɗa a inda ragar ta lotsa har ta taɓa duwatsu, ya karye a gadon baya, amma ya warke ya koma aikin gada, ya yi shekara 95 a duniya. A shekarar 2003 aka buɗe wata gada a Kalifoniya da sunansa.

Labarin bai ƙare da daɗi kaɗai ba. A watan Oktoba 1936 wani ma'aikaci ya mutu. Ran 17 ga Fabrairu 1937 wani dandamali mai nauyin wajen tan 5 ya ɓalle da mutane a kansa, ya faɗa cikin ragar ya kece ta, gama an yi ta don ta tare mutum ne, ba irin wannan nauyi ba. Mutum 12 suka faɗa teku, 10 suka mutu. Jimlar waɗanda aikin ya ci 11 ke nan. Wata gada da aka gina a gefe guda na birnin cikin shekarun nan ta ci fiye da mutum 20.

Labarin nan ya koya mana abu biyu. Na fari, ko mai lura ƙwarai ba shi da iko ya kawar da mutuwa ɗungum. Na biyu, mutum 19 ɗin nan da suka koma gida wurin matansu da 'ya'yansu, da ba a sayi ragar ba, da an binne su an ce tsautsayi ne. Ashe abin da ake kira tsautsayi a wani wurin gini, a wani wurin igiya da raga sun isa su hana shi. Muguntar tsohon lissafin nan ita ce, ya sa ran mutum a layi ɗaya da siminti da ƙarfe, abin da akan ƙiyasta tun da fari cewa zai ƙare a cikin aikin.

Daga nan muke samun ma'auninmu: alhaki yana bin sani da iko. Wanda ya san akwai hatsari, yana kuma da iko ya kawar da shi, amma ya bar shi, alhakin abin da ya faru yana wuyansa, ko da bai yi nufin mugunta ba. Mutanen dā sun gane haka. Hammurabi, sarkin Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, ya kafa doka cewa in gida ya rushe ya kashe mai shi saboda rashin ingancin gini, a kashe maginin. Shari'ar Musa kuma, cikin Kubawar Shari'a 22:8, ta umurci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani kewaye, ta kuma ɗora jinin wanda ya faɗo a kan gidan da ba a yi masa ba. Mu lura, ba a tambayi ko mai faɗowan ya yi ganganci ba. An dubi wanda yake da iko ya sa rawanin.

Abin da mutane sukan ce

Mun san akwai amsoshi da akan bayar, ba kuwa dukansu ne na banza ba. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na fari akan ce, kwanan mutum in ya ƙare ba mai ƙara masa. Gaskiya ne ranmu yana hannun Allah. Amma mu da muke faɗin haka mukan kulle ƙofa da dare, mukan kai yaro asibiti in zazzaɓi ya kama shi, mukan hana makaho zama a bakin rijiya. Ba mu taɓa ganin waɗannan sun saɓa wa dogara ga Allah ba. Don me sai a kan ran lebura za mu naɗe hannu? Mu kuma lura da wanda ya fi saurin faɗin maganar. In gwauruwar mamacin ta ce nufin Allah ne, tana neman abin da za ta jingina zuciyarta a kai, ba kuwa mai hana ta. In ɗan kwangilar da ya ƙi sayen katako mai ƙwari ya faɗi haka, yana neman mafaka ne, ya kuwa ɗauki sunan Allah ya rufe sakacinsa da shi. Har wa yau akwai masu cewa wanda gini ya danne wani zunubi ne ya kama shi. Ubangiji Yesu ya ƙi wannan tunani sa'ad da ya yi zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, kamar yadda Luka 13 ya nuna. Kada mu ɗora wa mamaci laifi don masu rai su sami sauƙi.

Na biyu akan ce, ai shi ya yarda, an kuwa biya shi. Yarda ta gaskiya tana bukatar abu biyu: mutum ya san abin da ya yarda da shi, ya kuma sami halin cewa a'a. Ga wani misali daga Amurka ɗin cikin shekarun nan. A 1930 aka soma haƙa hanyar ruwa mai tsawon mil 3 cikin dutse a wani wuri da ake kira Hawks Nest, a Jihar Bajiniya ta Yamma. Wajen mutum 3,000 suka yi aiki cikin ramin, yawancinsu baƙaƙen fata ne da suka zo ci rani daga kudu. Dutsen yana ba da wata irin ƙura mai laushi wadda in ta shiga huhu ba ta fita, takan taurara shi har numfashi ya gagara. An san in ana zuba ruwa wajen huda dutsen ƙurar takan kwanta, amma huda a bushe ta fi sauri, sai aka yi ta a bushe, ba a kuma ba ma'aikata abin rufe hanci ba. Binciken da majalisar ƙasar ta yi a 1936 ya ƙidaya mutum 476 da suka mutu, wani likita kuma da ya sake bincike a 1986 ya kai lissafin 764. Dukansu da ƙafarsu suka zo, an kuma biya su. Amma wa zai ce sun yarda su sayar da huhunsu? Masu aikin sun san abin da leburorin ba su sani ba. Haka yake ga saurayin da ya baro ƙauye da rani, ya tsaya a bakin titi tun asuba da shebur a hannu yana jiran mai ɗauka. In ya ce tsanin nan ba shi da ƙwari, akwai goma a bayansa da za su hau. Yunwa ce ta amsa dominsa. Wanda ya ci ribar wannan yunwa ba zai wanke hannu da cewa an yi ciniki ba.

Na uku akan ce, ba kuɗi. Wannan amsa tana da nauyi a ƙasarmu, gama yawancin masu gini talakawa ne da suke tara bulo kaɗan kaɗan shekara da shekaru, ba wanda zai ce su sayi raga irin ta Amurka. Amma mu duba lissafin da kyau. Ragar Golden Gate ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gadar ba, ko rabin haka ma ba ta kai ba. A ƙaramin gini ma haka abin yake: igiya, da ƙusa, da 'yan katakai na tokare, da takalmin roba ba su kai kuɗin fenti da tayil da za a sa daga baya ba. Sau da yawa kuɗin yana nan, an dai ware shi don abin da baƙi za su gani. In kuwa da gaske kuɗin bai isa a yi bene cikin lafiya ba, to, bai isa a yi bene ba ke nan. A yi ɗaki na ƙasa, ko a dakata sai baɗi. Kuɗin da aka rage wajen tsaro bai ɓace ba, wani ne zai biya shi da ƙafarsa ko da ransa, 'ya'yansa kuma su ci gaba da biya bayansa.

Na huɗu akan ce, laifin leburan ne, an ba shi hula ya ƙi sawa. Wani lokaci haka ne. Akwai mai hawa bisa da maye, akwai mai shan ƙwaya don ya ji ƙarfi, akwai mai jin kunyar ɗaura igiya kada a ce shi matsoraci ne. Irin wannan yana da nasa alhaki, gama ransa amana ne, akwai kuma masu ci daga hannunsa. Amma kowane ɗan adam yakan gaji, yakan yi tuntuɓe, hankalinsa yakan tafi gida wurin yaro marar lafiya. Wanda ya ɗauki kwanon kankare sau ɗari tun safe, da la'asar ƙafarsa ba irin ta safe ba ce. Amfanin rawani da raga ke nan: suna sa kuskure ɗaya kada ya zama mutuwa. Mutum 19 na Golden Gate duk zamewa suka yi ko suka yi kuskure, injiniyan kuwa ya san za a yi, shi ya sa ya shirya tun da wuri. Wurin aikin da sai wanda ba ya kuskure ko kaɗan zai fita da rai, ba a shirya shi don 'yan adam ba.

Mu dawo gida

Kada mu ce wannan zancen ƙasashen nesa ne. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi cikin Legas ya rushe, ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu ma'aikata, har da mai ginin kansa. Tun watan Fabrairu 2020 injiniyoyin da suke duba aikin sun rubuta takarda sun janye hannunsu, amma aikin ya ci gaba. An yi gargaɗi, ba a ji ba. Ran 10 ga Disamba 2016 kuma rufin wata majami'a a Uyo ya faɗo a kan jama'a ana cikin sujada, mutane da yawa suka mutu. Ba a gama ginin ba, an dai gaggauta shi ne domin wani babban biki. Wannan ya kamata ya tsorata kowane kwamitin gini da ya sa ranar keɓewa tun ba a aza rufi ba. Sauri ya haifi nawa.

Ga waɗansu abubuwa da kowane mai gini zai iya yi, ko a birni ko a ƙauye. Kankare yana bukatar wajen kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, don haka kada a cire katakon da ya tokare shi da wuri don ana so a kai wani wuri, kada kuma a jibga bulo a kansa yana ɗanye. Kada a rage siminti ko rodi daga abin da injiniya ya rubuta, kada kuma a ƙara hawa a kan tushen da ba a yi shi don haka ba. A ɗaure tsani a sama, a kafa gindinsa a ƙasa mai tauri. Dandamalin da magina ke tsayawa a kai a yi masa abin dafawa a gefe, gama faɗowa daga tsawon mutum biyu ma takan kashe. Rami in ya wuce ƙirjin mutum a tokare gefensa, a kuma zuba ƙasar da aka haƙo nesa da baki, gama ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ta fi tan ɗaya nauyi, wanda ta rufe ba ya iya numfashi. Mai shiga rijiya ko masai ya shiga da igiya a ƙugu, mutane suna riƙe a sama, kada kuma a kunna injin jan ruwa a cikin ramin, gama hayaƙinsa yakan kashe ba a ji ba a gani. In ɗaya ya suma a ciki kada wani ya yi tsalle ya bi shi ba igiya, sau da yawa gawa ɗaya takan zama uku ta haka. Ɗanyen siminti yana cin fata, a ba masu kwaɓa shi takalmin roba da safar hannu, da ruwan wankewa kusa. Masu fasa dutse da masu yankan tayil su riƙa jiƙa shi, su rufe hanci. Mai ɗaga rodi ya dubi wayar lantarki da ke bisa kansa. Yara kuwa wurin gini ba wurinsu ba ne, ko da ranar gayya ce.

In kuwa duk da haka wani ya ji rauni, aikinmu bai ƙare da biyan kuɗin yinin ba. Nijeriya tana da doka tun shekarar 2010 wadda ta ce masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya cikin wani asusu, domin a biya diyya ga wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Mai ba da kwangila yana da iko ya tambayi ɗan kwangila ko ya yi wa mutanensa rajista. Amma leburan yini, wanda ba a ma rubuta sunansa a ko'ina ba, da wuya wannan asusu ya kai gare shi. A nan sai lamiri ya yi aikin da doka ba ta kai ba. Wanda ya karye a ginin gidanmu, maganinsa da abincin iyalinsa har ya tashi suna cikin kuɗin gidan, daidai da kuɗin kwano da ƙofa.

Wannan magana ta fi kama mu sa'ad da ekklesiya ce mai ginin. Mukan yi murna in mun sami ɗan kwangila mai araha, gama kuɗin baiko ne, ba ma so a ɓarnatar. Daidai ne. Amma kafin kwamiti ya sa hannu, ya kamata wani dattijo ya tambaya: arahar nan daga ina ta fito? In daga aljihun ɗan kwangilar ne, mun gode masa. In daga tsanin leburori ne, ba mu so. Leburan nan kuwa, ko Kirista ne ko Musulmi, ko ɗan gari ne ko baƙo, maƙwabcinmu ne muddin yana kan bangonmu. A ranar gayya kuma, sa'ad da matasa da mata suke ɗaukar yashi da bulo don ƙauna, ba kuɗi, alhakinmu ya ninka, gama ba su koyi aikin ba, sun dogara ne ga shugabanninsu. A sa mutum ɗaya wanda ya san gini, aikinsa ran nan shi ne duba lafiyar mutane, a kuma ba shi iko ya ce a tsaya, ko fasto ne ya ce a ci gaba.

'Yan'uwa, rigakafi ya fi magani. Akwai abin da ya fi ƙarfinmu, wannan mun bar wa Allah da bangaskiya. Amma igiya da katako da haƙurin kwana 28 an sa su a hannunmu, za a kuwa tambaye mu a kansu. Kafin a soma aiki gobe da safe, mai gida da ɗan kwangila da kwamiti su zaga wurin, kowa ya tambayi kansa ko zai yarda ɗansa na cikinsa ya hau wannan tsani. In ba zai yarda ba, kada a sa ɗan wani ya hau sai an gyara. Allah ya ba mu zuciyar yin haka, ya kuma komo da kowane ma'aikaci gidansa lafiya.